SHARA, HANYA DA LAFIYAR MASU TAFIYA: Jawabi Ga Jama'ar Boɗinga Da Shagari



Jawabin yau a kan abubuwa uku ne: shara, hanya, da kuma kiyaye haɗari a kan titi. Wanda ya ji su zai zaci kowanne da gidansa. Amma in an duba da kyau, igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Ledar da aka jefar a ƙofar gida, iska ke kwasarta zuwa lambatu. Lambatu in ya toshe, ruwan sama ya hau kan kwalta. Kwalta in ta sha ruwa, sai ta fashe ta zama rami. Direba kuwa in ya zo kauce wa rami, sai ya faɗa wa mai tafiya a gefen hanya. Ke nan abin da ya faro daga leda guda, yana iya ƙarewa a gadon asibiti, ko ma a maƙabarta. Gwamnati ce ke gina hanya, amma halin mutanen da ke zaune a bakinta shi ke sa ta yi ƙarko ko ta mutu da wuri.

HANYAR DA TA RATSA GARURUWANNAN

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari, ta wuce Tambuwal da Jega, ta nufi Yawuri da Kwantagora, ita ake kira A1 a lissafin hanyoyin Gwamnatin Tarayya. Ba ta tsaya nan ba, har Ikko ta kai. Ta nan albasa da shanu da shinkafa ke tafiya kudu, ta nan kuma man fetur da kayan masarufi ke shigowa arewa. Dare da rana tireloli da tankokin mai ba sa yankewa a kanta.

Wannan yanki tun da can mahaɗar matafiya ne. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Garin Shagari shi ne mahaifar Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Kafin nan ya taɓa riƙe muƙamin Ministan Ayyuka na Tarayya, daga 1965 zuwa farkon 1966, watau ma'aikatar da ke kula da manyan hanyoyin ƙasa. Da ya rasu a watan Disamba na 2018, ta wannan hanya manyan baƙi suka bi zuwa jana'izarsa. Garuruwan da ke da irin wannan tarihi bai kamata baƙo ya gane su da tulin shara a bakin titi ba.

Hanyar ta daɗe tana ba matafiya wahala saboda ramuka. An yi mata babban gyara, kuma a watan Nuwamba na 2021 Gwamnatin Tarayya ta yi bikin miƙa sashen da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Tambuwal da Jega zuwa Makera, mai tsawon kimanin kilomita 300. A watan Oktoba na 2024 kuma aka ƙaddamar da aikin wata sabuwar babbar hanya ta kankare, wadda aka tsara za ta taso daga Illela ta ƙare a Badagiri cikin Jihar Ikko, mai tsawon fiye da kilomita 1,000.

Yana da kyau jama'a su san cewa hanyoyi iri uku ne. Akwai na Gwamnatin Tarayya, waɗanda hukumar FERMA da aka kafa a 2002 ke yi wa faci. Akwai na jiha. Akwai kuma na ƙaramar hukuma, watau titunan cikin gari da hanyoyin burji masu shiga ƙauyuka. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da irin waɗannan tituna, da magudanan ruwa, da kasuwanni, da tashoshin mota, da kwasar shara. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Sanin wannan zai sa mai koke ya san ƙofar da zai buga. Kwalbatin da ya karye a hanyar ƙauye, kansila da shugaban ƙaramar hukuma za a fara gaya wa.

ABIN DA KE KASHE HANYA

Babban abokin gabar kwalta shi ne ruwa. Kwalta fata ce kawai a sama. Ƙarfin hanya yana ga jar ƙasa da tsakuwar da aka daddale a ƙarƙashi. In ruwa ya kwanta a gefe, a hankali yake tsatsafawa ya jiƙa wannan ƙasa. Da ta yi laushi, tirela ɗaya mai nauyin kaya ta isa ta tsaga wurin. Tsaga ta zama rami, rami ya zama tafki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka ne injiniyoyi ke gina lambatu a gefe, su sa kwalbati a ƙarƙashi, domin ruwa ya sami hanyar wucewa.

Ruwan wannan yanki ba ya daɗewa, daga wajen watan Yuni ne zuwa Satumba, amma in ya zo da ƙarfi yake zuwa. Manya ba su manta da ambaliyar 2010 ba, wadda ta ci garuruwa da gonaki masu yawa a Jihar Sakkwato, har ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Irin wannan ambaliya ta fi ƙarfin mutum. Amma ruwan da ke shiga gidaje a unguwa don kawai lambatu ya cika da leda da yashi, wannan aikin hannun mutane ne.

Ban da ruwa, akwai wasu halaye da ke rage wa hanya kwana. Mai gyaran mota da ke zubar da baƙin mai ko gas a kan titi, ya sani waɗannan suna narkar da kwalta. Ƙona taya a kan hanya yana gasa ta, ta farfashe. Mai haƙa titi don wuce da bututun ruwa, in ya mayar da ƙasa sama-sama, ya bar wa jama'a rami. Mai ɗibar yashi ko ƙasar gini daga gindin hanya yana zare mata ƙafa ne. Mai gina rumfa ko dakali a kan lambatu ya rufe wa ruwa hanya. Wanda kuma ya saci rodi ko murfin kwalbati ya sayar, ya haƙa wa ɗan'uwansa kabari a kan kuɗin da ba su kai na mudun gero ba.

RAGE SHARA TUN DAGA GIDA

A da, sharar ƙauye ba ta zama matsala. Ganye ne da kara da toka da kashin dabbobi, kuma duk gona suke komawa. Uwargida tana zuwa kasuwa da ƙwarya ko kwando. Mai ƙosai yana ƙunshewa a ganye ko takarda. Yanzu kuwa leda ta shiga ko'ina. Mai barkono da ledarsa, mai manja da tasa, ga kuma ledar ruwan sha da ake yarwa duk inda aka shanye. Leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Tana iya yin shekaru masu yawa a cikin ƙasa tana nan yadda take.

Makiyaya da mahauta sun fi kowa sanin ɓarnarta. Akuya ko saniya in ta ji ƙanshin gishiri ko mai a jikin leda, sai ta haɗiye. Ledar ba ta narkewa, sai ta dunƙule a tumbi. Dabba ta yi ta ramewa ga abinci a gabanta, mai ita ya yi ta sayen magani a banza. Sai an yanka sannan a ga abin da ke ciki. A gona kuma leda na hana ruwa ratsa ƙasa, ta tare saiwar shuka.

Wasu ƙasashe sun ɗauki mataki mai tsanani. Ruwanda ta hana amfani da ledar zuba kaya a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. A nan gida, Jihar Ikko ta hana amfani da farin mazubin abincin nan na soso a watan Janairu na 2024. Amma ba sai an jira doka ba. Ga abubuwa huɗu da kowane gida zai iya yi ba tare da kashe ko kwabo ba.

Na farko, a rage karɓar leda. Mai zuwa cefane ya tafi da jaka ko kwando. Yaron da aka aika sayen koko ko mai ya tafi da kwano mai murfi.

Na biyu, a raba shara gida biyu. Abin da ke ruɓewa, kamar ɓawon albasa, ganye, ragowar abinci, toka da sharar turke, a ware shi daban. A haƙa rami a bayan gida ko a bakin gona, a riƙa zubawa, ana yayyafa ruwa, ana juyawa lokaci-lokaci. Cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙin taki mai kyau. Manoman kewayen birnin Kano sun daɗe suna kwasar takin cikin gari a kan jakuna zuwa gonakinsu, shi ya sa suke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba ta gaji ba. Ga tsadar takin zamani a yau, manomin albasa ko gero da ke zubar da sharar gidansa a lambatu, kuɗinsa yake zubarwa.

Na uku, abin da ba ya ruɓewa a tara shi. Gwangwani, tsohon ƙarfe, fasasshen bokiti, tsofaffin takalman roba da goran ruwa, duk 'yan gwangwan na saye. Sai dai mai saye ya kula da abin da yara ke kawo masa. Wanda ya sayi ƙarfen gada ko wayar lantarki, shi da ɓarawon duk ɗaya ne.

Na huɗu, ragowar da ba ta da amfani a kai ta jujin da mai unguwa ya keɓe. Juji ya yi nisa da rijiya, da makaranta, da bakin titi. Kada a ƙona leda ko taya a cikin gida, don hayaƙinsu na cutar da ƙirji, musamman na yara da tsofaffi da masu asma. Tsohon batir, fasasshiyar kwalba da allurar da aka yi amfani da ita, a binne su cikin rami mai zurfi inda yaro ba zai tono ba.

SHARA DA CUTA

Lambatun da ya toshe gidan sauro ne. Sauro na yin ƙwai a ruwan da ke kwance, kuma a lokacin zafi cikin kwana bakwai zuwa goma ƙwan ya zama sauro mai cizo. Gwangwani, tsohuwar taya da fasasshiyar randa da aka bari a tsakar gida duk suna tara masa ruwa. Shi ya sa zazzaɓin cizon sauro ke yawaita da damina. Gidan sauro da maganin rigakafin da ake raba wa ƙananan yara suna taimakawa, amma sun fi amfani in an hana ruwa kwanciya.

Ƙuda kuma daga juji da bayan gida yake tasowa ya sauka kan tuwo. A 2021 cutar amai da gudawa, watau kwalara, ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Sakkwato na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Wannan cuta ta ruwa da abincin da najasa ta taɓa take bi. Don haka kowane gida ya haƙa masai mai murfi, nesa da rijiya da aƙalla mita 30. A 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta daina bahaya a fili. Mutanen Jigawa manoma ne da makiyaya kamar na nan. Abin da suka iya, Boɗinga da Shagari ma za su iya.

Dattawa za su tuna da zamanin duba-gari, mai shiga gida ya leƙa randa. Za su kuma tuna da shirin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984, wanda daga baya ya kawo sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. A lokacin, tsoron tara ne ke fito da mutane da tsintsiya. Da tsoron ya kau, sai da yawa suka ajiye ta. Tsabtar da ke ɗorewa ita ce wadda mutum ya san dalilinta.

KIYAYE HAƊARI A KAN TITI

Akwai wani abu da ya kamata kowa ya fahimta. Hanya in ta yi kyau, mota gudu take ƙarawa. Ramukan da ake kuka da su a da, su ke tilasta wa direba taka birki. In babu su, sai hankalinsa kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce haɗarin hanya na kashe mutane kusan miliyan 1.2 a duniya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade cewa a cikin gari ƙaramar mota kada ta wuce gudun kilomita 50 a awa. Ga dalili. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya ga yaro, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, ya riga ya ci wannan tazara. In kuma aka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya yakan ninka sau huɗu. Direban da ya shigo Boɗinga ko Shagari, musamman ranar kasuwa ko lokacin tashin makaranta, ya rage wuta tun daga bakin gari. Sannu ba ta hana zuwa.

'Yan kabu-kabu su tuna tun 1 ga Janairu, 2009 aka fara tilasta sa hular kwano. Kai ba ya ɗoruwa kamar ƙafa. Ɗaukar mutum uku ko huɗu a kan babur, ba yaro ƙarami tuƙi, da tseren babura a wajen rakiyar amarya, duk sun mayar da gidajen biki da yawa gidajen makoki. Mai shan ƙwaya don ya kore barci, ya sani ba ya kore mutuwa.

Mai tafiya a ƙasa ya bi gefen da zai riƙa fuskantar motar da ke tahowa, domin ya gan ta. Da dare ya sa tufafi masu haske ko ya riƙe tocila. Kafin ƙetarawa ya tsaya, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sake duban hagu. Kada a ƙetara ta gaban motar da ke tsaye ko ta bayanta. Yaro ƙarami ba ya iya kimanta gudun mota, don haka kada a aike shi ƙetaren titi shi kaɗai. Iyaye mata su ja kunnen 'yan talla su daina bin mota da gudu. Malaman makarantun allo da na boko da ke bakin hanya su sa babba ya riƙa ƙetarar da yara. Wanda ya koyi karatu kuma ya riƙa karanta wa na kusa da shi abin da allunan hanya ke cewa.

Masu amalanke, da masu jakai da raƙuma, su liƙa wani abu mai ƙyalli a baya in za su yi tafiyar dare ko ta asuba. Makiyayi ya zaɓi wuri miƙaƙƙe inda ake hangen nesa kafin ya ƙetarar da garke. Masu shanya shinkafa ko barkono a gefen kwalta, da masu kasa kaya har kan titi, su ja baya. Su ne ke tura masu tafiya cikin motoci. Direban da motarsa ta lalace ya sa alama, in ya gama gyara kuma ya kwashe duwatsu da rassan da ya jera. Unguwar da ke son tudun rage gudu ta nema ta hannun hukuma, domin tudun da aka yi da dare babu fenti babu allo shi kansa tarko ne.

Sai kuma babban gargaɗi game da tankar mai. A watan Oktoba na 2024 wata tanka ta faɗi a garin Majiya na Jihar Jigawa. Mutane suka taru suna kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Bayan wata uku, a Janairun 2025, irin haka ta sake faruwa a mararrabar Dikko ta Jihar Neja, inda fiye da mutum 80 suka halaka. Irin waɗannan tankoki kullum suna ratsa Boɗinga da Shagari. In tanka ta faɗi, a gudu nesa, a kore yara, kada a kunna ashana, ko babur, ko janareto. A kira Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122, kyauta ne. Man jarka ɗaya bai kai ran mutum ba.

AIKIN KOWA DA KOWA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙaramar hukuma ta keɓe wuraren zuba shara, ta riƙa kwashewa, ta gyara kwalbatocin da suka karye kafin ruwa ya sauka. Masu unguwanni su kira gayyar yashe lambatu a watan Mayu, su sake kira a tsakiyar damina. Abin da aka yaso kuma a kwashe shi nan take, don in an bar shi a gefe, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. Sarkin kasuwa da shugabannin tasha su sa kowane mai rumfa ya share gabansa kafin ya tashi. Ƙungiyoyin matasa su zama idon unguwa a kan masu satar kayan hanya. Limamai su ci gaba da tunatarwa cewa kau da abin cutarwa daga hanya sadaka ce.

Ga abin da kowane magidanci zai iya farawa da shi gobe da safe. Ya fita ƙofar gidansa ya dubi lambatun da ke gabansa. In ruwa zai iya wucewa, madalla. In ba zai iya ba, ya ɗauko shebur. Sannan ya kira 'ya'yansa ya nuna musu yadda ake ƙetare titi. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye matafiya, ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasa lafiya. Wassalamu alaikum.